Dungas: Kazar da kalacinta ke ƙetaren iyaka

Matafiyin da ya bar Magarya ya nufi gabas zai ratsa gonakin hatsi da wake da gyaɗa da riɗi, itatuwan gawo na tsaye a tsakaninsu, kamin ya sauka Dungas. Ƙasa ce mai rairayi, amma tana cikin yankunan da suka fi samun ruwan sama a jahar Damagaram. A shekara ta 2011 aka cire ta daga Magarya ta zama gunduma. Kudu da ita akwai Maigatari ta Najeriya, inda kasuwa ke ci ran Alhamis.

A ƙauyukan nan kaza da zabuwa su ne asusun mata, kuma da kansu suke tonon kalacinsu. Kazar nama ta gidan gona ba haka take ba. Cikin sati 6 ko 7 ta isa yanka, amma sai an ba ta cimaka mai sinadarin gina jiki kamar kashi 20 cikin 100. Dusa kaɗai ba ta ƙosar da ita, sai an haɗa da garin kifi ko waken soya, waɗanda akasari daga Najeriya suke shigowa, haka ma ƴan tsakin. Ma'aikacin da ya kafa akurki don ya tallafi albashinsa da ɗan kasuwar da ya zuba jari duk sun ɗanɗana kuɗarsu sa'ad da Najeriya ta rufe iyakokinta a 2019, da lokacin takunkumin CEDEAO a 2023.

Tsadar garin kifi ba Dungas kaɗai ta dama ba. A ƙasar Iran masana sun jarraba wani ɗan ƙwaron ruwan gishiri, dangin jatan lande, mai suna Artemiya. Tsawonsa kamar santimita 1 ne, yana rayuwa a tabkin Urmiya da babban tabkin gishiri na Yuta a Amurka. In an busar da shi aka niƙa, kusan rabinsa sinadarin gina jiki ne, yana kuma iya maye wani kaso na garin kifi, muddin an rage masa gishiri. Sai dai mai kiwon Dungas da ya jira shi ya sauya wata iyaka ne da wadda ta fi ta nisa.

Dabarar ita ce abin ɗauka: kowa ya dubi abin da ƙasarsa ke bayarwa. A nan akwai tunkuzar da ke saura bayan mata sun matse man gyaɗa, akwai kuma fara da ake kamawa da kaka. Fiye da rabin busasshiyar fara sinadarin gina jiki ne, kuma masanan cibiyar binciken noma ta INRAN sun gwada garinta a cimakar kaji. Amma da sharaɗi: tunkuzar da ta yi hunhuna guba ce, farar da maganin feshi ya kashe ba ta shiga akurki, sannan mutane ma na cinta, abin da ke ɗaga kuɗin tiya.

Saura ga magabata da masu jari su samar da injinan niƙa da malaman kiwo masu koyar da awon haɗi. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Allah ya ba da damina mai albarka.