Baba Na Ya Shiga Dambe Ya Na Da Shekara 53

Ranar wata Asabar ina tsakiyar rubuta sharhin wani sabon fim sai ga wayar Umma. Ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, "Ka zo gida ka ga abin da baban ku ya tsiro da shi. Wai dambe ya shiga!" Na yi dariya don na ɗauka ba'a ta ke yi. Da na ji muryar ta na rawa sai na ajiye biro, na tari Keke, na ƙetara gada zuwa gidan mu a Barnawa.

Mai karatu, bari in gaya maka ko wanene Baba na. Shekarar sa 53. Ya yi aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri har su ka durƙushe tun ina ɗan firamare. Daga nan ya buɗe shagon kayan masarufi, kullum ya na zaune a kan benci daga safe har dare. Mutum ne da ko mu 'ya'yan sa bai taɓa mari ba. Bara ya yanke jiki ya faɗi a shago. A asibiti aka ce hawan jini ne, kuma suga ya fara hawa. Likita ya ce ya rage gishiri, ya riƙa motsa jiki. Ya yi sati biyu ya na zagaya layi da sassafe, abin ya gundure shi. Sai wani kwastoman sa, tsohon soja da kowa ke kira Saje, ya gayyace shi wani kango inda ya ke koya wa samari damben boksin.

Ba damben gargajiya irin na su Shago ba ne, wanda ake naɗe hannu ɗaya da zare, kalangu na tashi. Wannan na Turawa ne, mai safar hannu. Amma 'yan unguwa ina ruwan su da bambancin? Magana ɗaya ce ke yawo: tsufa ya zo wa Malam da gardama. Ga shi kuma saura wata uku bikin ƙanwa ta. Tsoron Umma biyu ne: kada zuciyar sa ta buga, kada kuma dangin ango su ji surukin su ɗan dambe ne. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, kunya ce ta fi damu na.

Da dare na zauna gaban sa da hujjoji na, duk daga sana'a ta. Na ce, "Baba, irin wannan a fim kawai ake yi." Na kawo masa misalin Rocky Balboa na 2006, inda Sylvester Stallone ya koma fage ya na da shekara 60, na ce ai dabarar kyamara ce. Na ce ko George Foreman da ya kayar da Michael Moorer a 1994 ya zama zakaran duniya ya na da shekara 45, ai tun ya na saurayi ya ke dambe, har ya ci zinare a gasar Olamfik ta 1968. Baba ya bari na gama tsaf, sannan ya ce, "Kai da ka ke cin abinci da kallon wasu, gobe bayan sallar asuba zo ka kalle ni."

Na je. Wata tsohuwar jakar soja ce aka cika da yashi da tsummoki, aka rataye a reshen mangwaro. Samari kamar goma, Musulmi da Kirista, kamar yadda Barnawa ta gada. Ta na cikin unguwannin da rikicin shekarar 2000 bai raba mutanen ta gaba ɗaya ba. Saje ya naɗe wa Baba hannu da bandeji a hankali. Ashe tun farko sai da ya sa shi ya koma ya nemi amincewar likita, kuma ya kafa masa doka: ba zai kara da kowa ba, ba mai taɓa masa kai, sannan duk sati sai ya auna jini a kemis. Aikin sa tsallen igiya, koyon takun ƙafa, da dukan jaka: minti uku, hutun minti ɗaya, kamar turmin dambe na gaskiya.

Wallahi ban san minti uku na da tsawo haka ba. A minti na biyu hannayen Baba su ka sauka, rigar sa ta jiƙe sharkaf, numfashin sa har inda na ke tsaye ina ji. Na yunƙura zan je in riƙe shi. Saje ya ɗaga mani hannu, ya ce, "Dattijo, saura minti ɗaya. Ɗaga hannu!" Baba ya ɗaga. Dukan ba ƙarfi, jakar ma da ƙyar ta ke motsi, amma bai tsaya ba sai da aka busa usur.

Sai Saje ya miƙo mani safar, ya ce, "Ɗan jarida, gwada mana." Ni mai shekara 28, ko minti ɗaya da rabi ban cika ba na durƙusa ina haki. Samarin nan su ka tuntsire da dariya. Baba bai yi dariya ba, ledar ruwan sa ya miƙo mani.

A hanyar komawa gida ya faɗi abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ya ce tun da masaƙa ta rufe ji ya ke kamar zaman jira kawai ya ke yi. "Ranar da na faɗi a shago, ina ji yara su ka ɗauke ni kamar buhun masara, ba na iya ɗaga ko yatsa. Ba na son a sake ɗauka ta haka, sai ranar da za a kai ni makwanci na." Na rasa ta cewa.

Da na koma ɗaki na sake kallon Rocky na farko, na 1976, wanda ya ci kyautar Oscar. Na kalle shi ya fi sau biyar a baya, amma sai a daren na kula da kyau cewa jarumin bai ci wasan ba. Apollo Creed aka ba nasara da maki. Burin Rocky kawai shi ne a kai turmi na 15 ya na tsaye da ƙafafun sa. Na kuma gane inda finafinan dambe ke ruɗin mu: wahalar watanni su ke dunƙulewa cikin 'yan mintoci da kiɗa mai daɗi. A kangon Saje ba kiɗa, sai kukan zakara da ciwon gwiwa.

Wannan ya sa na waiwayi finafinan mu na Hausa. Me mu ke ba ɗan shekara 50 ya yi? Ko dai Alhaji ne a falo da babbar riga ya na neman ƙarin aure, ko uba ne da zai fito a fitowa biyu ya yanke hukunci ya shige. Da wuya ka ga an nuna shi ya na tsoron jikin sa, ko ya na koyon sabon abu a gaban sa'o'in 'ya'yan sa. Alhali irin waɗannan iyayen sun cika Kakuri da Barnawa da Narayi. Marubuta da daraktoci, ga labari a ƙofar gidan ku.

Yau wata takwas ke nan. Baba na yin turmi uku a jere, bel ɗin sa ya matsa huda biyu. Bai daina shan magani ba, kuma ya na zuwa ganin likita a kan lokaci. Duk mai son yin koyi da shi, daga nan zai fara. An yi biki lafiya, har kawun ango ya ja shi gefe ya na tambayar ƙarfe nawa ake farawa. Umma har yanzu ta kan ɓoye safar in za a yi baƙi, amma ita ke wanke masa bandejin da hannun ta. Ni ma duk Asabar ina zuwa. Turmi biyu na ke iya yi, Baba na tsaye riƙe da agogo ya na ce mani, "Saura minti ɗaya."