Kabari Ba Gawa

Akwai abin da ya daɗe yana yi min yawo a rai tun da na fara bin hanyoyin karkarar yammacin Kanada, na ga gara in sauke shi in huta.

Wanda bai taɓa ratsa Manitoba da Saskatchewan da Alberta ba, da wuya ya gane faɗin ƙasar nan. Fili ne shimfiɗe kamar tabarma, alkama da kanola iya ganin idonka, sama kuma ta kife a kai kamar ƙwarya. Ka yi ta tafiya shiru, can sai wani ɗan gari ya ɓullo a gefen layin dogo: titi guda mai faɗi, coci, gidan mai, zauren taro. A kusan kowanne kuwa, ko a bakin titi ko a ɗan lambun gari, za ka tarar da dutse a tsaye. Wani lokaci dogon ginshiƙi ne, wani lokaci mutum-mutumin soja ne ya sunkuyar da kai. A ƙasansa, jerin sunaye.

Ranar da na fara tsayawa a gaban irin wannan dutse, mai na tsaya sha. Na ɗauka kabari ne, har ina mamakin mutanen da suke binne matattunsu a tsakiyar gari. Ashe babu kowa a ƙarƙashinsa. Sunan da suke kiransa da shi, senotaf, daga harshen Girka ya fito, ma'anarsa kabarin da ba komai a ciki. Masu sunayen suna kwance a Faransa da Beljiyam, wasu ma ba a san inda suke kwance ba.

Ga yadda aka yi. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, Kanada ba ta kai mutum miliyan 8 ba, amma sama da 600,000 suka sa kaki, sama da 60,000 ba su dawo ba. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta daular Birtaniya, wadda aka kafa a 1917, ta yanke cewa ba za a mayar da gawar kowa gida ba. Hujjarta ita ce in aka buɗe wannan ƙofa, mai kuɗi zai ɗauko ɗansa, talaka ya bar nasa. Don haka hafsa da kurtu suka kwanta a jere, dutse iri ɗaya a kan kowa. Magana ce mai kyau a takarda. Amma ka tuna da uwar da ke gona a Saskatchewan, wadda abin da ya iso mata kawai wayar tangaraho ce. Ba wanka, ba likkafani, ba makara, ba inda za ta je ta durƙusa. Tsakaninta da kabarin akwai tafiyar kwanaki a jirgin ƙasa da teku guda, ita kuwa kuɗin iri ma da ƙyar. Wasu ko kabarin babu: a jikin babban ginin tunawa na Vimy an sassaƙa sunaye 11,285 na 'yan Kanada da suka ɓace a Faransa ba a san makwancinsu ba.

Mu da muka san abin da ake nufi da a ce mutum ya tafi ba a ga gawarsa ba, mun san wannan ciwon ba ya warkewa da wuri. Zaman makoki ya ƙare, masu gaisuwa su watse, amma zuciya ta ƙi yarda. Duwatsun nan maganin wannan ciwon ne. Tunda ba a kawo musu gawa ba, sai suka kawo sunan gida.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne ƙuruciyar garuruwan kansu. Saskatchewan da Alberta sai a 1905 suka zama jihohi. A ƙidayar 1901 mutanen yankin Saskatchewan ba su kai 100,000 ba, zuwa 1911 sun doshi 500,000. Baƙi ne suka kwararo saboda tayin gwamnati: ka biya dala 10, a ba ka eka 160, ka nome ta ka zauna a kai shekara 3 ta zama taka. Da yawa daga garuruwan nan ba su cika shekara 10 da kafuwa ba yaƙi ya ɓarke. Gari bai gama tsayuwa da ƙafarsa ba, aka kwashe majiya ƙarfinsa. A wasu wuraren maƙabartar gari ba ta tara mutane ba tukuna, sai ga jerin matattu ya fi na cikinta tsawo.

Ku ɗauki Darlingford, wani ƙauye a kudancin Manitoba da mutanensa ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. Akwai manomi a can, Ferris Bolton, wanda ya yi ɗan majalisar tarayya. 'Ya'yansa maza 3 suka mutu a yaƙin, dukansu a shekarar 1917. Mutumin nan ya ba da filinsa, jama'ar gari suka haɗa hannu, aka gina ɗan ɗaki na jan bulo a tsakiyar lambu, aka buɗe shi a watan Yulin 1921. Ba coci ba ne, ba ofis ba ne, ba a yin komai a cikinsa sai tunawa. A bango akwai alluna biyu na baƙin dutse ɗauke da sunaye 199 na 'yan yankin da suka je yaƙe-yaƙen duniya biyu. Har yau kowane watan Yuli ana taruwa a wurin, kuma yara ne ke ajiye furanni. Sama da shekara 100 ke nan. Na yi ta tunanin dattijon nan: gonar da ya share don ya bar wa 'ya'yansa gado, sai ga shi yana yankar fili don ya ajiye sunayensu.

Kuma ku lura, ba gwamnati ce ta gina yawancin waɗannan duwatsu ba. Karo-karo aka yi. Ƙungiyoyin mata suka yi ta dafa abinci suna sayarwa, 'yan mazan jiya suka bi gida-gida, majalisar gari ta ɗan tallafa. Garin da ya samu hali ya yi odar mutum-mutumi daga masu sassaƙar farin dutse a Italiya, shi ya sa wani lokaci kakin da ke jikin sojan bai yi daidai da na Kanada ba. Garin da bai da hali ya tattaro duwatsun da garma ta tono a gona ya jera su da siminti. Wasu suka ce su dutse bai dame su ba, suka gina zauren taro ko asibiti da sunan mamatan. A Saskatoon bishiyoyi aka dasa a 1923 a hanyar shiga maƙabartar Woodlawn, kowace bishiya da sunan soja guda a gindinta, kuma suna nan har gobe.

In ka tsaya ka karanta sunayen a hankali, dutsen zai fara ba ka labari. Za ka ga sunan gida ɗaya ya maimaitu sau biyu, sau uku: wa da ƙane, ko 'ya'yan wa da ƙane. Dalili shi ne a lokacin samarin gari ɗaya tare suke shiga soja, tare ake zuba su a bataliya ɗaya. Safiya guda in ta yi muni, gari guda ne ke ɗaukar zafin. Bataliya ta 46, wadda aka haɗa a Moose Jaw daga samarin kudancin Saskatchewan, ta rasa mutum 1,433, wasu 3,484 suka ji rauni, har aka yi mata laƙabi da bataliyar ƙunar baƙin wake. Daga Moose Jaw ɗin nan ne kuma aka ɗauki George Price, wanda harsashi ya kashe shi a Beljiyam ranar 11 ga Nuwamba 1918, saura minti 2 a tsagaita wuta. Minti biyu, jama'a. Ajali in ya yi kira ba ya duba agogo.

Sai ka zagaya bayan dutsen, ka ga an ƙara wani jeri da rubutu daban: 1939 zuwa 1945. Waɗanda suka gina shi sun ɗauka an yi na ƙarshe, ba su bar wuri a gaba ba. Yaran da aka riƙo hannunsu ranar buɗe dutsen su ne aka sassaƙa a bayansa. Wajen 45,000 Kanada ta sake rasawa. Ranar 19 ga Agusta 1942 kaɗai, a harin Dieppe a gaɓar Faransa, sama da 'yan Kanada 900 suka mutu cikin 'yan sa'o'i, a cikinsu har da samarin rundunar kudancin Saskatchewan da aka tattaro daga Weyburn da Estevan da ƙauyukan kewaye. Bayan wannan yaƙin ne aka ɓullo da wata dabara: aka riƙa sa wa tafkuna da tsibirai na arewa sunayen mamatan. Saskatchewan tana da kusan 4,000 irin waɗannan, Manitoba sama da 4,000. Yaron da ya tashi a busasshen fili yana roƙon ruwan sama, yau tafki guda ke amsa sunansa.

Amma kada in yi muku kwalliya da abin. Dutse ma yana da son kai. Ba kowa ya samu shiga labarin da daraja ɗaya ba. 'Yan asalin ƙasar sama da 4,000 suka je yaƙin farko. Alex Decoteau, ɗan ƙabilar Cree daga Red Pheasant a Saskatchewan, ya yi wa Kanada gudun mita 5,000 a gasar Olamfik ta 1912, ya yi ɗan sanda a Edmonton, ya mutu a fagen yaƙin Passchendaele a watan Oktoban 1917. Sai a 1985 danginsa suka yi masa bikin al'adarsu na kiran ruhinsa gida. 'Yan'uwansa da suka dawo da rai kuwa, sun tarar ana yankar filayen ƙabilunsu ana raba wa tsofaffin sojoji farare, kuma sai a 1960 aka bai wa jama'arsu cikakken 'yancin jefa ƙuri'ar tarayya ba tare da sharaɗi ba. A daidai lokacin da wasu 'yan asalin Yukren ke mutuwa cikin kakin Kanada, dubban 'yan'uwansu na tsare a sansanoni a matsayin baƙin abokan gaba. A Winnipeg, Emanuel Hahn ya ci gasar zana dutsen tunawa na birnin, aka hana shi aikin don a Jamus aka haife shi. Aka sake gasa, matarsa Elizabeth Wyn Wood ta ci, ita ma aka hana ta. Abin dariya abin takaici, mutum-mutumin sojan da Hahn ɗin ya zana yana tsaye a ƙananan garuruwa da dama na ƙasar, ana kuka a gabansa kowace shekara.

A nan ne abin ya zo kusa da gida. Daular da ta kwashi samarin Manitoba ita ce ta kwashi kakanninmu zuwa Kamaru da Gabashin Afirka a yaƙin farko, ta kai su dajin Bama a na biyu. A 2021 wannan hukumar kaburbura da ta yi alƙawarin daidaito ta amsa da bakinta cewa aƙalla mutum 116,000, akasarinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu ba ko ma ba a tuna da su sam ba. Gwamnatin Birtaniya ta nemi gafara. To amma da nake tsaye gaban dutsen wani ƙauye, sai na ga wani abu: waɗannan manoman ba su jira daula ta tuna musu da 'ya'yansu ba. Maƙwabta ne suka zauna suka lissafa: ɗan gidan wane, ɗan gidan wance. Mu ba al'adarmu ba ce sassaƙa mutum-mutumi, kuma ba shi nake kira a yi ba. Muna da addu'a, muna da sadaka, muna mayar da sunan mamaci ga jariri. Amma mutum nawa ne a cikinmu zai iya kawo sunayen 'yan garinsu da suka tafi Bama ba su dawo ba, ko waɗanda suka faɗi a fagen daga a 'yan shekarun nan? Rijiya ko bishiya mai ɗauke da suna ba ta saɓa wa komai namu ba.

Yanzu garuruwan nan na filin alkama suna ƙarewa a hankali. Injin girbi guda yana yin aikin da ƙarti da yawa suke yi a da, gonaki sun haɗe a hannun mutane kaɗan, matasa sun koma birni. Dogayen rumbunan hatsi na katako da suka haura 5,000 a shekarun 1930, yau 'yan ɗaruruwa suka rage. An rufe makarantu, an ɗauke layin dogo a wurare da yawa, rassan ƙungiyar 'yan mazan jiya suna rufewa saboda membobi sun tsufa. Ranar 11 ga Nuwamba, da ƙarfe 11 na safe, sanyi kan kora taron cikin zaure: a busa begila, a yi shiru na minti 2, kowa da jan fure a ƙirji, a karanto sunayen ɗaya bayan ɗaya. A wasu garuruwan, sunayen da ake karantawa sun fi masu sauraro yawa.

Duk da haka ban taɓa tsayawa a gaban ɗaya daga cikin duwatsun nan na tarar ciyawa ta cinye shi ba. Akwai wanda ke zuwa ya yanke ta. Wataƙila bai san ko mutum ɗaya a jerin ba, wataƙila kakanninsa ma ba su iso ƙasar ba lokacin da aka yi yaƙin. Ya dai gaji amana ne ya riƙe.

Shi ya sa yanzu in hanya ta bi da ni ta irin waɗannan garuruwa, nakan kashe mota in fito. Ba addininmu ɗaya ba, ba yaƙina ba ne, kuma ban tabbata yaƙin farkon nan ya cancanci ran ko mutum ɗaya daga cikinsu ba. Amma iyayensu ba su roƙi mai wucewa komai ba illa ya karanta. Sai in tsaya cikin iskar nan da ba ta gajiya, in bi jerin daga sama har ƙasa, ina kiran sunayen a fili da harshena na Bahaushe da ke karya rabinsu. In na kai ƙarshe, sai in ƙara da sunan ƙanen kakana, wanda aka ce ya tafi Bama, wanda babu dutsen da ya san shi.