Naman tudu da na teku a cikin Aureol

Jikata ce ta tono mini wannan zance. Ta dawo daga hutu ita da mijinta, sun yi mako guda a cikin wani jirgin ruwa na yawon shaƙatawa a Bahar Rum, ta zo gaishe ni, ta zauna a bakin tabarma tana ta murza mini hotuna a waya. Jirgin nan gari ne guda, in ji ta, mutum ya fi dubu biyar a ciki, wuraren cin abinci kuwa sai ka zaɓa ka darje. Akwai inda ba a gasa komai sai naman sa, akwai na kifi da jatan lande da ƙaguwa, wani wurin ma sai ka ƙara kuɗi a kan na tikiti kafin a ba ka kujera. Ta tsaya a kan wani hoto: tsokar nama mai kauri a gefe guda, wutsiyar ƙaton jatan landen nan da Turawa ke kira lobsta a ɗaya gefen, ga man shanu narkakke a ɗan ƙoƙo. Ta ce, “Tsohon miji, ka taɓa cin irin wannan kuwa?” Na ce mata na ci, tun uwarta ba ta zo duniya ba. Ta tuntsire da dariya, ta ɗauka wasan jika da kaka ne.

A 1962 ne, shekara biyu da samun mulkin kai. Gwamnatin Jihar Arewa tana ta tura samari Ingila kwas, ni ma rabo ya faɗo kaina. Jirgin ƙasa ya ɗauke ni daga Kano, muka bi ta Zariya da Kaduna da Minna, muka haye Kwara a gadar Jebba, muka yi ta gangarawa har Ikko. A cikin adakata akwai ƙullin da Inna ta yi mini: kilishi naɗe a takarda, da dakuwa, da yajin ƙuli cike da gwangwanin madara. Ta ce wai a can an ce ba su san barkono ba.

Ban manta warin tashar Apapa ba. Gishiri ne da man inji da manja, sai kuma wani ƙamshi da na sani tun ina yaro, na gyaɗa. Buhunan da na baro an jera su dala-dala a Kano, ashe sun riga ni isowa, su ma suna jiran jirgi. Namu yana tsaye fari fat, da bututun hayaƙi ruwan ɗorawa. Sunansa Aureol, na kamfanin Elder Dempster, an ƙera shi a Gilasgo ya fara aiki a 1951, aka sa masa sunan wani dutse da ke bisa birnin Firitawun. Shi ke kai wasiƙu da fasinja tsakanin Ikko da Libaful, tafiyar kusan mako biyu. Wanda bai taɓa ganin ruwan da ya fi kogin Challawa faɗi ba, ranar nan ya ga abin da ya fi ƙarfin bakinsa.

Da yamma sai ka ji an kaɗa kuge, a hankali, ana yawo da shi lungu-lungu. Har yau in na ji ƙarfe ya bugi ƙarfe da irin wannan amo, sai in ji ƙamshin burodi mai zafi. Kowa da teburinsa da kujerarsa, ba a sauyawa har a sauka. Farin ƙyalle a shimfiɗe, wuƙaƙe a dama, cokula masu yatsu a hagu, an jera su kamar ’yan makaranta a fareti. A teburinmu mu huɗu ne: ni, da wani dattijo alƙali daga Sakkwato da zai je kwas ɗin shari’a, da wani Bature da matarsa. Baturen ya yi shekara ashirin da wani abu yana aikin jirgin ƙasa a Arewa, ya ajiye aiki zai koma gida. Hausa a bakinsa kamar a Tudun Wada aka haife shi.

Mai kawo mana abinci mutumin Gana ne, ya manyanta, kusa da zangon Kumasi ya tashi, shi ma yana jin Hausa irin tasu ta can. Allah ya jiƙan wannan bawan Allah in ya riga mu, in yana raye Allah ya saka masa. Tun daren farko ya gane mu. In ya miƙo takardar jerin abinci sai ya ɗora yatsa a kan wani layi, ya ɗan girgiza kai, ya ce ƙasa-ƙasa, “Maigida, wannan ba naku ba.” Mun san alade ne, ko an zuba giya a miyar. Bai taɓa bari wani ya ji ba.

Dare na biyu aka kawo sitek. Tsoka ce guda, kaurinta ya kai yatsu biyu, da zanen wuta a bayanta, ga dankalin Turawa da koren wake a gefe. Ƙamshinta ya kai ni Fagge da magariba, lokacin da mai tsire ke kafa tsinkayensa kewaye da garwashi. Alƙali ya sa wuƙa ya tsaga tasa, sai wani jan ruwa ya gangaro faranti. Ya ajiye wuƙar, ya duba, ya sake dubawa, sannan ya ce, “Wannan sa ai bai gama ba da shaida ba.” Baturen ya yi dariya har da share hawaye. Shi ya yi mana bayani: su haka suke so, waje ya gasu ciki na da ja, wanda kuma ba ya so sai ya faɗa a gasa masa har ciki. Daga bayan sa ake yanko wannan tsoka, inda dabba ba ta yawan motsawa, a rataye naman kwanaki a ɗakin sanyi har ya yi laushi. Na tuna shanunmu, bunaji da bokolo, masu taka sayyada daga daji zuwa kasuwa, a yanka da safe a ci kafin dare. Dole namansu ya yi ƙarfi, shi ya sa mahautanmu suka ƙware wajen fere shi siriri don tsire da kilishi, mata kuma su bar shi ya daɗe a tukunya. Kowa da irin dabbarsa, kowa da irin dabararsa.

Aka mayar da nawa kicin, aka dawo da shi ya gasu sosai. Alƙali kuwa bai ƙara taɓa naman jirgin ba har muka sauka. Na tambaye shi a keɓe, na ce, “Allah ya gafarta Malam, ko in bari ne ni ma?” Ya ce malamai sun yi magana mai tsawo a kan yankan Ahlul Kitabi, shi dai tsantseni ya zaɓa wa kansa, ba zai ɗora mini ba. “Kai yaro ne, shekara biyu za ka yi a can. Ka yi bisimilla, ka nisanci abin da ka tabbata haram ne.” Ban taɓa jin fatawar da ta zo mini da sauƙi irin wannan ba, kuma da ita na yi zamana a can.

Abin da ya rasa a tudu sai teku ta biya shi. Mu dai kifin da muka sani na ruwan daɗi ne, tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa, sai banda da ake kawowa daga Tafkin Chadi, sai kuma na gwangwani. A nan kuwa kullum da sabon baƙo. Akwai wani kifi mai faɗi kamar faifai, an soya shi da man shanu, in ka ɗaga tsokar sai ƙayar ta fito ɗungurungum kamar mataji. Akwai jatan lande jajaye a cikin ƙoƙon gilashi, da yankin lemun tsami a baki. Alƙali ya ce a mazhabar Malikiyya duk abin da ke rayuwa a teku halal ne, ba ya bukatar yanka, saboda haka babu wanda zai ɗaga ƙara. Ya nannaɗe hannun babbar riga ya shiga aiki.

Mun tsaya a gaɓar Gana, mun tsaya a Firitawun, inda yara ke zuwa cikin ƙananan kwale-kwale suna nitso don kamo kwabon da fasinja ke jefawa. Daga nan sai Las Falmas, inda iska ta fara sauyawa, ma’aikata suka cire fararen kaya suka sa masu duhu. Kullum sai mun tambayi wani jami’in jirgin inda alƙibla ta koma, don tun tana gabas har ta fara karkata kudu.

A daren da muka bar Las Falmas aka kawo lobsta. An tsaga ta biyu, ja wur, da ƙafafu da gashin baki, tana kwance a faranti kamar kunamar da ta yi shekara ɗari tana cin gero. Mutumin Gana ya ce tana da rai baƙa-baƙa ce, ruwan zafi ne ke mayar da ita ja. Ya nuna mana yadda ake zaro farar tsokar daga ɓawon. Tana da zaƙi-zaƙi, da ɗanɗanon gishirin teku a ƙarshe, amma harshen Bakano yana neman wani abu. Alƙali ya dube ni, na gane. Na tashi na ɗauko gwangwanin Inna. Muka barbaɗa, ƙamshin ƙuli da citta da barkono ya tashi a tsakiyar ɗakin nan mai fitilu. Sai Baturen ya miƙo farantinsa, bai ce komai ba. Ya ɗanɗana, ya yi shiru, matarsa ta dafa hannunsa. Can ya ce, “Yajin Kaduna ke nan. Ban san inda zan ƙara samunsa ba.” Ni ina barin gida, shi yana komawa gida, amma a daren nan kewar wuri ɗaya muke yi. Da za mu rabu a Libaful na juye masa rabin gwangwanin a takarda.

A mashigin Biske teku ta nuna halinta. Aka ɗaga katakan gefen tebur, aka yayyafa wa ƙyallayen ruwa don kada farantai su zame. Kuge ya yi ta kira, masu amsawa ba su fi a ƙirga ba. Kwana biyu ni da alƙali shayi da kilishi muka yi ta yi a ɗaki, yana ba ni labarin shari’un gado da ya yanke, jirgi na tangaɗi, shi ko a jikinsa.

Yanzu daga Abuja zuwa Landan awa shida ne da ɗoriya. Za a ajiye maka abinci a ɗan tire, ka ci gwiwarka na gugar kujerar gaba, kafin ka san sunan na kusa da kai an ce a ɗaura ɗamara za a sauka. Alheri ne, ban musa ba, mai jinya da mai gaggawa sun san haka. Sai dai mu a hankali aka yaye mu. Kowane dare ana ƙara mana sabon ɗanɗano kaɗan, sanyi na ƙaruwa kaɗan, har ranar da muka hango hazon Libaful zuciya ta riga ta shirya. Jikata ta ce su a jirginsu kowane dare wurin cin abinci daban suke zuwa, ba su taɓa zama da mutum ɗaya sau biyu ba. Na tambaye ta sunan wanda ya kawo mata lobstar nan, ta ce ba ta tambaya ba. Ban ga laifinta ba, ni ma sunan mutumin Gana ya ɓace mini, yatsansa a kan takarda kawai nake gani.

Aureol ya yi tafiyarsa ta ƙarshe da fasinja a 1974, jiragen sama sun kwashe masa mutane. Wani attajiri ɗan Girka ya saye shi, aka sauya masa suna, aka kai shi Jidda ya zama masaukin ma’aikata. Na sauke farali a 1977, ta Jidda na bi, ban san yana nan daf da ni a bakin ruwa ba, da na je na gaishe shi. A 2001 aka ja shi zuwa Alang, a gaɓar Indiya, aka farfasa shi aka sayar da ƙarafan.