Na'urar da Ba Ta San Tsaka-tsaki Ba

Murya ma tana da ladabi, ko ta mutum ko ta na'ura. Wadda ba ta iya sassautawa ba, komai daɗinta, fitina ce ga maƙwabta.

A gidanmu a Gwarzo akwai na'urar kiɗa da rediyo mai akwati biyu: ƙarami mai maɓallin murya, da babba mai tura ta lasifika. Ka murɗa maɓallin kaɗan, shiru; ka ƙara gwargwadon ƙwayar gero, sai tsawa. Zaurenmu kuwa jikin masallaci yake. Saboda kunyar masu wuridi, mahaifina ya daina jin labaran BBC na safe, abin da ya saba shekara da shekaru.

Na kai ta wurin wani mai gyara a Kabo. Ya ce, "Samari, lafiyarta ƙalau. Kunne ne ba ya awo irin na mudu." Ashe sai ƙarfin wuta ya ninka kusan sau 10, wato desibel 10, kafin kunne ya ji murya ta ninka biyu. Shi ya sa maɓallin kirki yake sakin wuta sannu-sannu da farko. Namu gaggawa gare shi, ga ƙaramin akwatin yana ba babban fiye da bukata. Ya sa resista 2 a kowace waya tsakaninsu, suka rage abin da ke wucewa, maɓalli ya sami filin juyawa.

Mu ɗalibai masu muhawara, Allah Ya ba harsunanmu irin wannan linzami, amin.