Motar da Muka So da Wadda Muka Saya

Wannan makon mu aka miƙa wa alƙalami, kuma da labarin mota muka zo.

Daminar bara ce ta ja mana. Mun ɗauki kwali shida na littattafai za mu kai wa ɗaliban wata makarantar ƙauye a yankin Sumaila, motar da muka yi shata ta kafe a laka tun azahar har magariba. Da ƙyar samarin garin suka turo ta, kwali biyu sun jiƙe sharkaf. A zaman ƙungiya na gaba muka yanke shawarar mallakar tamu, ƙaramar bas mai jan ƙafa huɗu, wadda kanikawa ke ce wa fowil. Wata ta zuba kuɗin littafinta na farko, wani ya sayar da wayarsa ta biyu, manyanmu suka cika da abin da ya sawwaƙa. Wata goma sha ɗaya muna tarawa.

Sabuwa dai ko a mafarki, sai tokumbo. Ana cikin haka wani dillali ya turo mana hoton Mitsubishi Delica ta WhatsApp, ƙirar shekarun 1990, mai doguwar ƙafa, wadda ƙasanta ya yi tarayya da Pajero. Ya ce tana Kwatano. Nan take muka kamu. Kun san halinmu, ba mu ga motar ba har mun raɗa mata suna, wani ma ya fara rubuta labarin tafiyarmu ta farko. Muka tura kafin alƙalami.

Sai bayan kuɗi ya fita muka zauna bincike, abin da ya kamata mu fara da shi. A Japan, mota tana cika shekara uku ake soma kai ta wani tsattsauran gwaji duk bayan shekara biyu, kuma tsadarsa na daga cikin abin da ke sa su rabu da motoci da sauran ƙarfinsu. Amurka kuwa, irin wannan mota da ba a ƙera don kasuwarsu ba, sai ta cika shekara 25 ake sakar mata hanya, Kanada shekara 15. Can tsufa ne ke buɗe mata ƙofa. Mu a nan tsufan ne ke rufewa, domin kwastam na da iyakar shekarun motar da za a shigo da ita, Delicar kuwa ta wuce ta nesa ba kusa ba. Ga shi tun 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. Da muka tambayi dillalin, sai ya ce takardu ba matsala ba ne. Wannan amsar ce ta fara hana ma'ajinmu barci.

Muka kai hoton wurin wani dattijon kanike a Ƙofar Ruwa. Ya daɗe yana kallo.

"Yarana, ina sitiyarinta yake?"

"A dama, Baba. An ce za a juya mana shi."

"To ƙofar fasinja fa, ita ma juyawa za a yi?"

Muka yi shiru. Japan a hagu suke tuƙi, mu kuwa tun 1972 muka koma dama. Ƙofar zugewar motar tana ɓangaren hagu, ke nan duk yaron da muka ɗauka a tsakiyar titi zai sauka. Fitilunta ma an saita su ne don hanyar can, da dare idon mai tahowa za su kashe. Ya ƙara da cewa shi bai yarda da sitiyarin da aka yanka aka haɗa ba, ko da ɗansa ne ya yi aikin.

Daga nan ya ce mu zaga kasuwar mu nemo masa akwatin giyar da ke kai ƙarfi ƙafafun gaba. Shago bayan shago, amsa ɗaya ce, sai an yi oda. Muka gwada tambayar kayan Hayis, har jan hannunmu ake yi.

Zaman da ya biyo baya bai yi daɗi ba. Wadda ta zuba kuɗin littafinta ta tambaye mu a gaban kowa wa ya ba mu izinin tura kuɗi a kan hoto, kuma gaskiyarta ce. Dillalin rabin kafin alƙalamin ya mayar, shi ma bayan wata biyu ana kai ruwa rana. Mu huɗun da muka yi gaggawar muke biyan ragowar daga aljihunmu, kuma har yau ba mu gama ba.

A ƙarshe tsohuwar Toyota HiAce muka saya a hannun wani da ya yi jigila da ita nan gida, sitiyari a hagu, takardar kwastam cikakkiya. Ba fowil ba ce. Baba ya zaɓa mana tayoyi masu manyan haƙora, ya sa muka sayi shebur da igiya da katako biyu. Daminar bana sau ɗaya ta kafe, muka fitar da ita kafin la'asar.

Makarantar nan ta Sumaila dai ba ta shiguwa sai ruwa ya ɗauke. Shugabanta ya kira sau biyu yana tambayar kwali biyun da muka yi alkawarin musanyawa. Mun ce masa ƙarshen Oktoba, in Allah ya yarda.