Ƙwararre Ake Nema, da Albashin Ɗan Koyo

A zamanin da muka fara aikin banki, tsaro shi ne ƙofar ƙarfe, da makulli biyu a hannun mutum biyu, da ɗan sanda a bakin ƙofa. Ɓarawon yau ba ya haura katanga. A 2016 masu kutse suka kwashe dala miliyan 81 daga asusun Babban Bankin Bangladesh da ke New York, da umarnin biya na bogi da suka tura ta hanyar sadarwar bankuna ta SWIFT, ko taga ba su fasa ba. Duk da haka, har na yi ritaya ban ga abin da ke sa manya tsuke bakin aljihu kamar albashin yaran da ke tsaron kwamfutocinsu ba.

Dalilin bai ɓuya ba. Mai farautar masu ajiya yana kawo kuɗi kowa ya gani. Shi kuwa mai tsaron intanet, in ya yi aikinsa da kyau, babu abin da zai faru, kuma zaman lafiya ba ya fitowa a takardar riba. Ba a tunawa da shi sai ranar da aka wayi gari asusun mutane ya zama wayam.

Ku duba tallar neman ma'aikata. Za a ce ana son sabon kammala jami'a, sannan a ƙasa a rubuta lallai ya mallaki shaidar CISSP. Wannan shaida ba a ba da ita cikakkiya sai mutum ya yi shekara 5 yana aikin, kuma kuɗin jarrabawarta dala 749 ne. Tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen Naira 460 ta haura 1,500 a 2024. Ke nan jarrabawa ɗaya ta fi ƙarfin albashin shekara guda na mai karɓar mafi ƙarancin albashi, Naira 70,000 a wata. Wanda ya yi wannan wahala, yana zaune a ɗakinsa a Kano kamfanin Turai zai iya ɗaukarsa ya biya shi da dala. To, don me zai tsaya? Sai manya su zauna suna ƙorafin babu ƙwararru, alhali araha ba ta ado.

Ku ma samari ina da magana da ku. Kun ji ƙungiyar ISC2 ta ce a 2023 duniya na da giɓin masu wannan aiki kusan miliyan 4, sai kuka ɗauka kujeru na nan suna jiranku. Yawancin giɓin na gogaggu ne. Kwas ɗin wata uku bai isa mutum ya shiga ganawar neman aiki yana ambaton albashin da ya gani a LinkedIn na wani a Amurka ba. Farkon aikin kwanan zaune ne gaban allo, ana tantance ƙararrawar da mafi yawanta ta ƙarya ce. A nan ido ke buɗewa. Kuma abin da mai ɗauka ke aunawa a ransa, ko bai faɗa ba, amana ce, domin makullin dukiyar jama'a zai damƙa maka. Yaron da ya ga ɓaraka ya faɗa nan take, ko da daga hannunsa ta fito, ya fi mini mai takardu goma.

Amma nauyin ya fi karkata ga masu ɗaukar aiki, domin kowa gogagge yake so, babu mai son ya goge wani. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna da wasu jami'o'i suna yaye ɗalibai a wannan fanni kowace shekara. Ku ɗauke su tun suna bautar ƙasa, ku haɗa kowane da babba ya koya, ku biya musu kuɗin jarrabawa bisa yarjejeniyar za su zauna shekara biyu ko uku. Wasu za su tafi bayan wa'adin, wannan ba makawa. Ku ƙara wa waɗanda suka zauna albashi tun kafin su kawo takardar ajiye aiki.