Hular Bakwaini

Duk wanda ya daɗe yana zuwa ta'aziyya a gidajen Samaru da Sabon Gari ya san babu rasuwar da ake saurin rufe zancenta kamar ta bakwaini. A yi masa sutura, maza su kai shi makwanci, a ce wa uwar Allah ya sa mai ceto ne, shi ke nan. Sau da yawa ba a kai ranar suna ba, kayan jariran da aka sayo a kasuwar Sabon Gari kuwa bai taɓa sa su ba, don sun yi masa yawa. Sai uwa ta koma ɗaki nono na zuba, ba ta da ko ƙyalle ɗaya da ya taɓa jikin ɗanta. Iyayen bakwaini ba kaɗan ba ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta an haifi bakwaini miliyan 13.4 a 2020, kuma Najeriya na cikin ƙasashe biyar da ke kan gaba.

A ganina, telolinmu su riƙa ɗinka 'yan huluna daidai kan bakwaini daga ragowar yadi mai laushi da ke zube ƙarƙashin keke, a wanke tas, a kai wa masu jego a asibitin koyarwa na Shika. Mai rai ne zai fara cin moriyarsu. Sanyi na kashe bakwaini, kuma ta kai ɗumin jikinsa ke saurin fita; shi ya sa a dabarar kangaru, wadda aka faro a Bogota ta Kolombiya a 1978, ake manna shi a ƙirjin uwa da hula a kansa. In Allah ya karɓi abinsa, a miƙa wa uwar hular.

Wani zai ce wannan al'adar Turawa ce, tunda a Amurka da Ingila akwai matan da ke yanka rigunan amare su ɗinka wa jarirai kayan binnewa. Ba wannan nake nufi ba. Likkafanin musulmi farin ƙyalle ne, kada a ƙara masa komai, hular kuma ba kabari za ta ba. Hujjar masu suka da ta fi nauyi ita ce ajiye hular fama miki ne, ko ƙarancin tawakkali. To, Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye sa'ad da ɗansa Ibrahim ya rasu bai kai yaye ba. Kururuwa da yaga tufafi aka hana. Kuma matar da kara ta hana ta ambaton ɗanta a gaban surukai, ba mantawa ta yi ba. Wadda ba ta iya kallon hular yanzu kada a matsa mata. Mahaifiyarta ko yayarta ta adana har ranar da za ta tambaya.